Yadda ake auna ci gaban kimiyya da ƙirƙira a ƙasar da ta jingina da mai

Kwanaki wani ƙanina da ke digiri na biyu ya turo min babi na huɗu na aikinsa wai in duba masa, ya zana giraf mai kyau da ke nuna kuɗin da gwamnati ke warewa bincike yana hawa shekara bayan shekara, a ƙarshe ya rubuta cewa kimiyya na bunƙasa a Najeriya. Na ce masa malam je ka ɗauko farashin gangar ɗanyen mai da canjin dala na waɗannan shekarun ka jera su kusa da giraf ɗinka, in ka gama ka kira ni. Bai kira ba sai bayan kwana uku, muryarsa a sanyaye. To abin da na yi masa bayani a waya shi zan shimfiɗa a nan, ko zai amfani ɗalibi ko ɗan jarida ko ma'aikacin da oga ya ce ya haɗo rahoto kafin Litinin.

Matsalar ƙasa irin tamu ita ce kuɗin mai yana iya sayen kamannin ci gaba. Tun da aka haƙo mai a Oloibiri a 1956 aka fara fitar da shi a 1958, a hankali ya mamaye komai, har ya zama shekara da shekaru wajen kashi 90 cikin ɗari na kuɗin da muke samu daga kayan da muke fitarwa waje na mai ne da gas. In farashi ya yi sama sai ka ga sabon gini a jami'a, sabon inji, an tura malamai Ingila da Malesiya karatu, in ya faɗi komai ya tsaya cak. Duk awon da za ka yi, aikinka shi ne ka raba abin da kuɗin mai ya sayo da abin da ƙasar ta iya yi da hannunta.

Mataki na farko, ka yanke shawarar abin da kake aunawa kafin ka taɓa kwamfuta. Bincike daban, ƙirƙira daban, mutane na cakuɗa su. Bincike shi ne aikin neman sabon ilimi a tsare, wanda ba a san sakamakonsa ba tukuna. Ƙirƙira kuwa sai sabon abu ko sabuwar hanyar aiki ta shiga kasuwa ko an fara amfani da ita. Akwai kundaye biyu da duniya ke bi, na Frascati wanda OECD, ƙungiyar ƙasashe masu ci gaban tattalin arziki, ta fara fitarwa a 1963, bugunsa na baya-bayan nan 2015, shi ke faɗin me ake ƙirgawa a matsayin bincike, sai na Oslo da aka fara a 1992 aka sabunta a 2018, shi kuma na ƙirƙira. Kyauta suke a intanet. Ba sai ka karance su duka ba, amma ka karanta inda suka ware abin da ba bincike ba ne, don a nan ake yawan zamewa. Koyarwa a aji ba bincike ba ce, gwajin jini na yau da kullum a asibiti ba bincike ba ne, katangar da aka zagaye cibiya da ita da motar darakta su ma haka.

Mataki na biyu, buɗe Excel ka yi layin shekaru, aƙalla daga 2010 zuwa yau, kuma layuka uku na farko kar ka sa komai na kimiyya a ciki. Sa matsakaicin farashin gangar mai na kowace shekara, sa canjin naira da dala, sa hauhawar farashi. Na mai da na canji suna shafin Babban Banki, na hauhawar farashi yana wajen hukumar ƙididdiga ta NBS. Dalilin da ya sa na ce daga 2010 shi ne don ka kama faɗuwar 2014 zuwa 2016, lokacin da ganga ta sauko daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016 har tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali, ka kuma kama ta 2020. Waɗannan shekarun su ne jarrabawa. Duk wani ma'aunin da ya tsaya da ƙafarsa a cikinsu, to nasa ne na gaske.

Mataki na uku shi ne kuɗi, kuma a nan zan daɗe don nan ne ramukan suke. Ma'aunin da kowa ya sani shi ne jimillar kuɗin da aka kashe a bincike cikin ƙasa a shekara, a raba da GDP, wato jimillar darajar abin da ƙasa ta samar a shekara. Ƙasashen Afirka sun ɗaukar wa kansu alkawarin kashi 1 cikin ɗari, Koriya ta Kudu tana wajen kashi 5, Afirka ta Kudu ma ba ta kai ɗayan ba. Binciken da cibiyar NACETEM da ke Ile-Ife ta yi kan shekarar 2007 ya ba Najeriya wajen kashi 0.2 cikin ɗari. To ga rami na farko. A Afrilun 2014 NBS ta sake lissafin GDP, ta canza shekarar tushe, wato wadda ake lissafi da farashinta, daga 1990 zuwa 2010, sai GDP na 2013 ya tashi daga wajen naira tiriliyan 42 zuwa wajen tiriliyan 80, dare ɗaya muka wuce Afirka ta Kudu a girman tattalin arziki. Kai duba, in kuɗin bincike naira 100 ne GDP kuma 50,000, ka samu 0.2, in GDP ya koma 90,000 sai ka samu 0.11, alhali ko kwalbar gwaji ɗaya ba a fasa ba. An sake irin wannan lissafin a 2025. Don haka duk adadin da ka ɗauko ka tambayi da wane GDP aka raba shi, kar ka haɗa na tsohon lissafi da na sabo a giraf ɗaya.

Rami na biyu kishiyar wannan ne. A ƙasar da mai ke da babban kaso a GDP kamar Kuwait ko Saudiyya, in farashi ya rushe GDP ya tsuke, sai kason bincike ya haura da kansa, wanda bai sani ba ya yi ta tafi. Maganinsa ka riƙa rabawa sau biyu, da GDP gaba ɗaya, da kuma GDP ba tare da mai ba, NBS na fitar da su a rarrabe. Mu a nan mai bai kai kashi 10 na GDP ba yanzu, shi ya sa tasirinsa ya fi biyowa ta aljihun gwamnati da kuma dala. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500, kuma sinadaran ɗakin gwaji da kayan gyaran inji kusan duk da dala ake sayo su. Ke nan cibiyar da aka ninka wa kasafi sau biyu a naira ta ma ƙara talaucewa ne. Wannan shi ne ya kayar da giraf ɗin ƙanina. Ka maida kowane adadi zuwa farashin shekara ɗaya tsayayya, ka kuma yi wani layin a dala.

Rami na uku, abin da aka rubuta a kasafi ba shi ne aka saki ba, abin da aka saki ma ba shi ne aka kashe a bincike ba. Kasafin yana shafin ofishin kasafin kuɗi na tarayya, haka rahotannin aiwatarwa na wata uku-uku. Ka ware albashi gefe, gine-gine gefe, kuɗin aikin binciken kansa gefe, za ka sha mamakin ƙanƙantar na ukun. In cibiya ta ƙi ba ka, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, rubuta wasiƙa ka ambace ta, ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ka kuma shirya zarya. Kuma kar ka tsaya a ma'aikatar kimiyya kaɗai, cibiyoyin binciken noma suna ƙarƙashin ma'aikatar gona, na magunguna suna lafiya, ga asusun manyan makarantu na TETFund, ga asusun bunƙasa fasahar mai na PTDF da aka kafa tun 1973, ga hukumar kimiyya da injiniyanci ta NASENI.

Daga nan sai ka tambayi kuɗin na waye. Gwamnati, kamfanoni, ko 'yan waje. A Koriya wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗin bincike daga aljihun kamfanoni yake fitowa, don suna neman abin da za su sayar. Wannan kason shi ne a ganina ma'auni mafi faɗin gaskiya a ƙasa mai arzikin ƙasa, don kamfani ba ya zuba kuɗinsa a abin ado. Sai dai ka kula, kuɗin TETFund haraji ne da ake cira daga ribar kamfanoni, ciki har da na mai, ya fara a kashi 2 ya kai kashi 3 a 2023, to wannan a gidan gwamnati za ka sa shi, ba kamfani ne ya ga dama ya bayar ba.

Mataki na huɗu, mutane. Kar ka ƙirga kawuna kawai. Lakcaran da ke koyar da kwas biyar, yana duba takardun ɗalibai 600, ga kwamiti ga jarrabawa, ba cikakken mai bincike ba ne ko da yana da digiri na uku. Ana tambayar kashi nawa na lokacinsa yake ba bincike, in ɗaya cikin biyar ne sai a rubuta 0.2, ke nan malamai 200 irinsa daidai suke da mutum 40. Jimillar sai ka raba da yawan jama'a ka fitar da masu bincike nawa ne a cikin kowane mutum miliyan ɗaya. Ka ware mata da maza, ka ware fanni, ka ware shekaru, don cibiyar da yawancin manyanta sun kusa ritaya tana kan gaɓa. Ka ƙara layi na waɗanda suka fice, musamman waɗanda aka kai waje karatu da kuɗin ƙasa, nawa suka dawo, nawa ke nan bayan shekara biyar. Sannan ka yi alama a 2020 da 2022, shekarun da malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, dole ya bar tabo a alƙaluman shekarun da suka biyo.

Kayan aiki kuma sai ka je da ƙafarka. Na taɓa shiga wani ɗakin gwaji a wata makaranta, a takarda suna da inji na miliyoyi, da na je sai na tarar da shi a cikin akwatin katakon da ya zo da shi, ledar ma ba a yage ba, ƙura ta yi masa rawani, an ɗora masa tsofaffin fayil-fayil da butar alwala. Mai kula da ɗakin ya ce min yallaɓai injiniyan da zai haɗa shi ba a biya kuɗin zuwansa ba, kuma ko an haɗa wutar nan ba za ta ɗauke shi ba. A rahoto wannan inji ci gaba ne. Shi ya sa tambayar da za ka sa a fom ita ce awa nawa injin ya yi aiki a watan jiya, wa ke gyara shi in ya lalace, awa nawa ake samun wuta ko janareta ko sola a rana.

Mataki na biyar, abin da ya fito. Muƙalun da aka wallafa su ne mafi sauƙin ƙirgawa, rumbun muƙalu na Scopus ko shafin SCImago zai ba ka na ƙasa gaba ɗaya, shafin AJOL kuma ya ba ka mujallun Afirka da manyan rumbunan ba su ɗauka ba. Adadin namu yana ta hawa, amma kowa a jami'a ya san dalili, ba a ƙarin girma sai da takardu, ga sa sunana in sa naka, ga mujallun biya a buga maka cikin sati. Don haka bayan yawan, ka duba sau nawa wasu suka ambaci aikin, a wane fanni yake, kashi nawa aka yi da 'yan waje, kuma a cikin waɗannan wa ke jagora wa ke tattaro samfur kawai.

Takardar mallakar ƙirƙira ita ma a yi hattara da ita. Dokarmu ta 1970 ce, kuma ofishin rajista yana duba cikar takardu ne, ba ya zurfafa binciken ko abin sabo ne da gaske, ke nan samun takardar a gida ba hujja ba ce mai ƙarfi. Ka ware na 'yan ƙasa da na baƙi, ka duba nawa aka kai waje aka yi wa rajista, shafin WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar ƙirƙira, na da wannan, sannan nawa ne wani kamfani ya biya kuɗi ya yi amfani da su. Hukumar NOTAP kuma ita ke rajistar yarjejeniyoyin da kamfanoninmu ke yi na sayen fasaha daga waje, wannan yana nuna maka abin da muke biya don ba mu iya ba.

Ni dai in da za a bar ni in zaɓa, ma'aunin da ya fi dacewa da mu yana gona. Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samarun Zariya ta fitar da irin masara SAMMAZ, wake SAMPEA, gyaɗa SAMNUT, dawa SAMSORG, a ƙarshen 2019 aka saki SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Cibiyar Badeggi a Neja na da shinkafa FARO, ta Vom a Filato na yin allurar rigakafin dabbobi. Ƙirga iri nawa aka saki a shekara abu ne mai sauƙi, amma ainihin awon shi ne manoma nawa suka shuka, buhu nawa ya ƙaru a hekta. Wannan sai an shiga ƙauye an tambaya, kuma manomi ba zai ce maka SAMNUT kaza ba, sunan da suka laƙaba masa zai faɗa, sai ka tafi da malamin gona na yankin ya fassara maka.

Mataki na shida, shiga kamfanoni da kasuwa. Tsarin Oslo shi ne ka zaɓi kamfanoni ka tambaye su ko a shekara uku da suka wuce sun fito da sabon kaya ko sun canza hanyar aiki sosai, sabo ne a wajensu kawai ko a kasuwar gaba ɗaya, kashi nawa na cinikinsu ya fito daga sabon, wa ya taimaka musu, me ya hana su. In ka je unguwannin masana'antu na Kano irin su Sharaɗa ko Bompai ko Challawa kar ka shiga da babban turanci, ce masa Alhaji me kuke yi bana wanda ba ku yi shekara uku da suka wuce. Za ka ji da yawa sabon inji ne daga Chana ko Indiya, ba laifi, ka rubuta, amma ka bi da tambayar ko sun yi masa kwaskwarima da kansu, don a nan koyo yake farawa. Kuma kar ka tsallake Panteka ta Kaduna da ire-irenta, inda ake ƙera injin casa da na markaɗe ba rasit ba rajista. Tukunya cikin tukunya ta Malam Mohammed Bah Abba, wadda ake zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani ta adana tumatir da ganye ba wuta, har ta ci kyautar Rolex a 2000, da wuya irin ma'aunan da muka lissafa a sama su hango ta.

Mataki na bakwai, duba abin da ƙasa ke sayarwa duniya. Ɗauko rahoton kasuwancin waje na NBS, fitar da kason kowane kaya, ka ninka kowanne da kansa ka tara. In mai 0.9 ne, wato kashi 90 cikin ɗari, shi kaɗai ya ba ka 0.81, kusa da 1 na nufin ƙwai duka a kwando ɗaya. Amma nan ma akwai yaudara, in farashin mai ya faɗi kason sauran kaya zai haura ko da buhu ɗaya bai ƙaru ba, haka a 2024 koko ya haura dala 10,000 kan tan, kuɗin da ba na mai ba ya yi tsalle, ba don mun ƙirƙiri komai ba. Sai ka duba nauyi tare da kuɗi, ka kuma raba ɗanye da sarrafaffe, riɗi daban man riɗi daban, fata daban takalmi daban. Taswirar sarƙaƙiyar tattalin arziki ta jami'ar Harvard, aikin su Ricardo Hausmann, tana ba da irin wannan awon kyauta, kuma muna can kusa da ƙarshen jerin.

Bangaren man kansa ma a auna shi, kar a ɗauke shi abokin gaba. Norway da Brazil a cikin mai suka gina fasaharsu, Brazil ta wajabta wa kamfanonin da ke haƙar manyan rijiyoyi su sa kashi 1 na kuɗin shigarsu a bincike. Mu muna da dokar fifita 'yan ƙasa a harkar mai ta 2010 da hukumar NCDMB mai kula da ita, sai ka tambaya cikin kwangilolin da aka ba 'yan ƙasa nawa ne na zane da injiniyanci, nawa ne na kawo abinci da hayar mota.

Mataki na ƙarshe, haɗawa. Za ka ji kwaɗayin dunƙule komai a lamba ɗaya irin ta jadawalin ƙirƙira na duniya da WIPO ke fitarwa, inda Najeriya ke zama bayan na 100. Duba shi ba laifi, amma yana haɗa ma'aunai wajen 80 ne, wasu namu tsofaffi ne wasu babu, kuma matsayi na iya canzawa don wata ƙasa ta shiga ko ta fita. Gara ka yi shafi ɗaya mai ma'aunai goma zuwa sha biyu, kowanne da giraf ɗinsa, a bayan kowanne ka ja layin farashin mai da wata kala. Wanda ke rawa tare da layin ka yi masa jan alama, wanda ya ci gaba da hawa a 2015 da 2016 da 2020 ka yi masa kore. Ka bar tazarar shekara uku zuwa biyar tsakanin kuɗi da sakamako, don irin shuka ɗaya kan ɗauki shekaru kafin a sake shi. Ƙasashen da za ka kwatanta da su kuma ka zaɓo masu irin ciwonmu, Aljeriya, Angola, Kazakhstan, Indonesiya, Malesiya, ba Jamus ba. Shekarar da babu adadi ka bar gurbin fanko, kar ka cike da tsammani, a ƙasan kowane adadi ka rubuta inda ka samo shi da ranar da ka sauke, don shafukan hukumomi na canzawa ba sanarwa, ka ajiye kwafin fayil ɗin a waya da imel.